Taɓin Hankali a Tsofaffin Shirye-shiryen Ƙagaggun Labaran Kimiyya: Tambayoyi da Amsoshi

Shirye-shiryen talabijin na ƙagaggun labaran kimiyya da aka yi a Amurka da Birtaniya daga 1959 zuwa farkon shekarun 1980 cike suke da mutanen da hankalinsu ya gushe. Akwai kyaftin ɗin kumbo da ya naɗa kansa sarkin duniya, da fasinjan jirgin sama mai ganin dodo ta taga, da likitan da ke wanke ƙwaƙwalwar fursunoni. Ga amsoshin tambayoyin da mai kallo zai iya yi a kansu.

Waɗanne shirye-shirye ne ake magana a kansu?

Manyansu huɗu ne. The Twilight Zone na Rod Serling, wanda tashar CBS ta nuna daga 1959 zuwa 1964, kashi 156, kowane kashi da labarinsa da mutanensa daban. Sai Star Trek na farko, na Gene Roddenberry, a tashar NBC daga 1966 zuwa 1969. A Birtaniya kuma akwai Doctor Who na BBC da ya fara a 1963, da The Prisoner na Patrick McGoohan, kashi 17 kacal, tsakanin 1967 da 1968. Za a ɗan leƙa Blake's 7 na 1978 da kuma magadan Star Trek na shekarun 1990, don a ga inda aka kwana.

Me ya sa batun hauka ya yawaita a cikinsu haka?

Dalili na farko na aljihu ne. Gina kumbo ko ɗinka kayan dodo yana cin kuɗi, amma ɗan wasan da zai zare ido yana dariya shi kaɗai ba ya ƙara wa furodusa ko sisi. Kuma cikin minti biyu mai kallo ya gane cewa akwai haɗari.

Dalili na biyu shi ne zamanin da marubutan suka rayu a ciki. A 1955 asibitocin gwamnati na masu taɓin hankali a Amurka suna tsare da mutum kusan 559,000, kuma daga wannan shekarar ce adadin ya fara sauka. Maganin chlorpromazine, wanda likitoci biyu a birnin Paris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka ba da rahoton amfaninsa a 1952, ya shiga Amurka a 1954 da sunan Thorazine, ya sa aka fara tunanin za a iya sallamar marasa lafiya su koma gida. Ranar 31 ga Oktoba 1963, kimanin mako uku kafin a harbe shi, Shugaba John Kennedy ya sa hannu a dokar gina cibiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma. Abin ya shafe shi har gida, domin ƙanwarsa Rosemary an yi mata tiyatar lobotomi a 1941 tana da shekara 23, ta bar ta ba ta iya kula da kanta har ta rasu.

Lobotomi ɗin nan tiyata ce ta yanke jijiyoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da sauran sassanta. Egas Moniz na ƙasar Fotugal ya karɓi kyautar Nobel a kanta a 1949. A Amurka Walter Freeman yakan cusa ƙarfe mai tsini ta saman ƙwayar ido ya yi ta cikin 'yan mintoci, kuma bai daina ba sai 1967, lokacin Star Trek yana zangonsa na farko. Saboda haka masu kallon wancan lokacin tsoro biyu suke da shi a ransu: tsoron mara lafiya, da tsoron abin da ake yi masa a bayan katanga. Shirye-shiryen sun ci kasuwa da duka biyun.

Wane irin mai taɓin hankali aka fi nunawa?

Mai son mulki, mai kisa, mai baki. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Garth a kashin Star Trek mai suna "Whom Gods Destroy" na 1969. Garth babban kyaftin ne wanda Kirk, kyaftin ɗin kumbon Enterprise kuma jarumin shirin, ya karanta dabarun yaƙinsa a makarantar soja. Ya yi mummunan haɗari, mutanen wata duniya mai suna Antos suka yi jinyarsa suka koya masa sauya siffar jiki, sai ya saka musu da ba ma'aikatan kumbonsa umarnin su hallaka su. Suka ƙi, aka kai shi asibitin Elba II. A can ya kulle shugaban asibitin, ya ɗauki siffarsa, ya shirya wa kansa bikin naɗin sarauta da kambi da alkyabba, ya kuma tarwatsa budurwarsa Marta da bam yana kallo ta taga.

Wasa ya yi wasa, amma babu wata cuta da likita zai iya kiran sunanta a nan. An tattara duk abin da ke ba mutane tsoro ne aka zuba a jikin mutum ɗaya. A zahiri yawancin masu lalurar ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa, su ne ma aka fi cuta. BBC ta ƙi nuna wannan kashin sai a shekarun 1990, saboda wuraren azabtarwa da ke cikinsa.

To likitocin fa, su ne mutanen kirki?

Sau da yawa su ne abin gudu. A "Dagger of the Mind" na 1966, wani mutum ya ɓuya cikin akwatin kaya ya shigo kumbon Enterprise daga gidan gyaran hali na Tantalus, gumi na tsiyaya, idanu a waje. Duk sanda ya yi ƙoƙarin faɗin sunansa sai ciwo ya murɗe shi. Ashe Dakta Simon van Gelder ne, ma'aikacin wurin. Shugabansa, Dakta Tristan Adams, wanda ake yabo a matsayin wanda ya mayar da kurkuku wurin jinya, yana da kujera da wata fitila a samanta. Fitilar tana share tunanin mutum tas, duk abin da aka faɗa masa a lokacin sai ya zauna masa a matsayin nasa. Kirk ya hau kujerar don ya gwada, likitar kumbonsa Helen Noel ta ce masa yana jin yunwa, ya sauko yana tambayar inda za a sami abinci. Daga nan Adams ya karɓe na'urar, wasa ya zama gaske.

Ƙarshen Adams shi ne abin da ya fi tsayawa a rai. An yanke wutar lantarki, ta dawo yana kwance a ɗakin shi kaɗai, fitilar ta kwashe duk abin da ke kansa, babu wanda zai yi masa magana ya cike gurbin. Kaɗaici ne ya kashe shi. A wannan kashin ne kuma aka fara nuna Spock, mataimakin Kirk, yana haɗa tunaninsa da na wani, kuma ya yi hakan ne don ya ji abin da van Gelder ke son faɗa. Kafin nan allurar barci kawai ake ta yi masa.

Doctor Who ya yi irin wannan a "The Mind of Evil" na 1971: wata na'ura mai suna Keller a kurkukun Stangmoor tana zuƙe mugun nufi daga kan fursuna. Wanda aka yi wa, Barnham, ya fito ba ya faɗa da kowa, amma ya koma tamkar ƙaramin yaro. Duk wanda ya san labarin lobotomi ya san inda aka dosa.

Ina ruwan siyasa a ciki?

A shirye-shiryen Birtaniya ne ta fi fitowa. A The Prisoner, wani tsohon jami'in leƙen asiri da ya ajiye aiki ya farka a wani ƙauye mai kyan gani, inda ake kiransa Lamba Shida. A kashin "A Change of Mind", kwamitin ƙauyen ya yanke cewa ba ya tafiya da jama'a, kowa ya ƙaurace masa, aka haska tiyatar ƙwaƙwalwarsa a talabijin don ta zama izina. Tiyatar ta bogi ce, magani ake zuba masa a shayi don ya ɗauka an gama da shi. Blake's 7 kuwa ya buɗe ne da ɗan adawar da gwamnati ta goge masa tarihinsa daga ƙwaƙwalwa.

Wannan ba ƙirƙira ba ce zalla. A Tarayyar Sobiyet an riƙa tsare 'yan adawa a asibitocin ƙwaƙwalwa, Cibiyar Serbsky ta birnin Mosko tana ba da takardar cewa suna da wani nau'in sikizofireniya mai tafiyar hawainiya. A 1971 Vladimir Bukovsky ya fitar da takardun wasu daga cikinsu zuwa ƙasashen Yamma, kuma a 1983 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Sobiyet ta fice daga ƙungiyar duniya kafin a kore ta.

Menene labarin mutumin da ya ga dodo a fiffiken jirgi?

Shi ne "Nightmare at 20,000 Feet" na The Twilight Zone, Oktoba 1963. Richard Matheson ya rubuta, William Shatner ya fito a matsayin Bob Wilson, shekara uku kafin ya zama Kyaftin Kirk. An sallamo Wilson bayan wata shida a asibiti, kuma ciwon nasa a cikin jirgi ya fara kama shi. Yanzu ga shi a jirgi kuma, da matarsa Julia, ana ruwa da tsawa, sai ya ga wata halitta mai gashi tana ɓanɓare murfin injin. Duk sanda ya kira wani ya duba, sai ta ɓace.

Dodon kansa yau abin dariya ne, mutum ne cikin rigar gashi. Abin da bai tsufa ba shi ne yadda ake yi wa Wilson magana. Injiniyan jirgin ya zo ya rage murya, ya ce ai su ma sun gan shi, amma kada a tayar wa fasinjoji hankali. Fuskar Wilson ta washe don ya sami mai gaskata shi. Sai injiniyan ya ci gaba da lallashi, a hankali Wilson ya gane cewa biye masa kawai ake yi, fuskar ta sauya a gaban kyamara. Matarsa ma, wadda ke sonsa da gaske, ƙwayar barci take miƙa masa. Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa ya dawo gida ya san wannan muryar, wadda ake saurarensa da ita ba don a ji abin da ya ce ba, sai don a auna ko ciwon ya dawo.

Daga ƙarshe ya zare bindigar wani ɗan sanda da ke barci, ya buɗe ƙofar gaggawa, ya harbi halittar. Aka sauko da shi a ɗaure kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Kyamara ta juya ta nuna murfin injin a ɓanɓare.

Ai kuwa wannan goyon bayan mara lafiya ne. Ina matsalar?

Matsalar tana cikin murfin injin nan. Shirin ya ba Wilson gaskiya ne ta hanyar nuna cewa lafiyarsa ƙalau. Da a ce kyamara ta juya an ga fiffiken lafiya lau, da me za mu ce da shi? Tsoronsa bai ragu ba, wulaƙancin da ya sha bai ragu ba, amma labarin ba shi da abin da zai ba shi.

Kuma ba sau ɗaya aka yi haka ba. A "Mirror Image" na 1960, Millicent Barnes tana jiran mota a tasha ta ce akwai wata mai kamarta da ke son ƙwace mata rayuwa. Wani matafiyi ya nuna mata tausayi, ya ce bari ya kira abokinsa mai mota, ashe 'yan sanda ya kira. Bayan sun tafi da ita sai ya ga nasa mai kamar yana gudu yana yi masa murmushi. A "King Nine Will Not Return", shi ma na 1960, wani matuƙin jirgin yaƙi ya farka a hamadar Afirka ta Arewa kusa da jirginsa da ya faɗi, yana neman abokan aikinsa. Ashe yana kwance ne a asibiti, shekara 17 bayan ɓacewar jirgin. Zazzaɓi ne ya hana shi tashi da su ranar da suka ɓace, laifin da yake ɗora wa kansa ya ci shi har ya kwantar da shi. Likitan ƙwaƙwalwa ya yi bayani mai gamsarwa, labarin ya cika. Sai ma'aikaciyar jinya ta kawo kayansa, yashi ya zubo daga takalminsa.

A ganina wannan ce babbar gazawar shirye-shiryen, ta fi ta Garth da kambinsa, don ita a ɓoye take. Tausayi sai an kawo hujja. Idan abin da mutum ya gani gaskiya ne, jarumi ne da aka zalunta. Idan ciwo ne da gaske, to mugu ne ko abin tsoro. Mutumin da ke da lalura ta haƙiƙa, kuma ya cancanci a saurare shi a hakan, da wuya ka same shi a allon.

An nuna ciwon firgicin da yaƙi ke bari?

An nuna, tun kafin a sa masa suna a hukumance, domin sai a 1980 ya shiga kundin cututtuka na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka. Serling kansa sojan laima ne a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi yaƙi a Filifin, ya ji rauni, kuma munanan mafarkai sun bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya rubuta labarin matuƙin can na sama.

Star Trek ma yana da Matt Decker a "The Doomsday Machine" na 1967. Wata na'ura mai cinye duniyoyi ta lalata kumbonsa, ya sauke mutanensa sama da 400 a wata duniya don ya tsirar da su, na'urar ta cinye duniyar yana jin suna kiransa. William Windom ya yi wasan da gemu ba aski, murya na rawa. Decker ya karɓe ragamar Enterprise da ƙarfin muƙaminsa. Likita McCoy yana gani da idonsa cewa mutumin ba ya cikin hayyacinsa, amma doka ta ce sai da sakamakon gwaji, shi kuma bai gwada shi ba. Decker ya ƙare da tuƙa ƙaramin kumbo cikin bakin na'urar, Kirk ya rubuta cewa ya mutu a bakin aiki. An mutunta shi, amma ba wanda ya zauna da shi ko na minti biyar.

Mata fa?

Sun fi shan wuya. Haukan namiji yakan zo da dalili mai girma, yaƙi ko hazaƙa ko nauyin shugabanci. Na mace kuwa kishi ne ko son wani namiji. Lenore Karidian a "The Conscience of the King" tana kashe shaidu don ta kare mahaifinta, ta ƙare tana sambatu. Kashin ƙarshe na Star Trek gaba ɗaya, "Turnabout Intruder" na Yuni 1969, labarin Janice Lester ne, wadda ta sace jikin Kirk don tana son zama kyaftin, aka nuna burin nata a matsayin alamar ciwo. Da wannan shirin ya yi sallama da masu kallo.

Akwai wanda ya kusa yin daidai?

Hindle, a labarin Doctor Who mai suna "Kinda" na 1982, wanda Christopher Bailey ya rubuta. Matashin jami'in tsaro ne a sansanin 'yan mulkin mallaka a wata duniya mai daji, abokan aikinsa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, shugabansa yana raina shi, sai aka bar masa sansanin. An nuna rushewar tasa daki-daki. Ya fara da tsananta bin doka, ya koma zargin itatuwa da tsirrai, ya ɗaura wa sansanin bama-bamai, sannan ya zauna a ƙasa yana gina gari da kwalaye da mutanen takarda. Da aka taka ɗaya bisa kuskure aka ce za a liƙe shi, sai ya fashe da ihu cewa mutane ba sa gyaruwa. Simon Rouse ya yi wasan yadda za ka ji tsoronsa kuma ka ga cewa shi ya fi kowa jin tsoro. Babu murfin inji a nan, itatuwan ba su yi masa komai ba, kuma duk da haka labarin yana tare da shi.

Sai dai warakar ta zo da arha. Ya buɗe wani akwatin tsafi na mutanen dajin, ya warke nan take.

Haka ake nuna magani kullum?

Kusan kullum: allura ɗaya, haske ɗaya, akwati ɗaya. A "Whom Gods Destroy" an ce mutum 15 ne kacal suka rage da ba su warke ba, Enterprise kuma ta kawo maganin da zai kawar da cutar baki ɗaya. An yi wa Garth, ya tashi a natse, ya dubi Kirk ya tambaya ko sun san juna, Kirk ya ce a'a. Wato waraka ita ce ka manta. Wannan zumuɗin zamanin Thorazine ne, lokacin da aka ɗauka ƙwaya za ta rufe asibitoci. Dubi kuma inda aka ajiye mutum 15 ɗin: a duniyar da iskarta guba ce, cikin ginin da aka kewaye da katangar lantarki, ba dangi ba maƙwabci.

A daidai wancan zamanin akwai wanda ya bi akasin wannan hanya a Najeriya. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauye a Aro kusa da Abeokuta, inda mara lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani. Lambo ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya a 1973. Marubutan da ke hasashen ƙarni na 23 ba su hango abin da ake yi a Aro ba.

Yaushe abin ya fara sauyawa?

Da Star Trek: The Next Generation a 1987, inda aka ba mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, Deanna Troi, kujera kusa da ta kyaftin. A 1990 aka kawo Reginald Barclay, injiniya mai tsananin fargabar shiga mutane, yana in'ina, yana makara, abokan aiki suna yi masa laƙabi a bayan ido. Ba mugu ba ne, ba a kuma warkar da shi a kashi ɗaya ba. A shekarar ce kuma Kyaftin Picard ya koma gonar inabin gidansu a Faransa bayan abokan gaba sun yi amfani da shi wajen kashe mutanensa, ya yi dambe da yayansa cikin taɓo, ya fashe da kuka. Tsohon hali dai bai mutu ba: a 1992 Barclay ya ce yana ganin wasu halittu cikin na'urar jigilar mutane, aka ɗauka tsoronsa ne, sai ga shi akwai su.

Wanda ya fi kaiwa nesa shi ne "Hard Time" na Star Trek: Deep Space Nine a 1996. An dasa wa Miles O'Brien tunanin zaman kurkuku na shekara 20 cikin 'yan sa'o'i. Ya dawo yana ɓoye abinci, yana kwana a ƙasa, yana yi wa 'yarsa tsawa, har ya kai ga yunƙurin kashe kansa, abokinsa Likita Bashir ya tsayar da shi da magana. Zaman kurkukun bai faru ba, ciwon kuma gaskiya ne, kuma shirin bai nemi wata hujja ba. Bashir ya ba shi magani, ya gaya masa cewa zai rage gane-ganen amma ba zai goge abin da yake tunawa ba, sai ya ci gaba da zuwa wurin mai ba da shawara.

An taɓa nuna waɗannan shirye-shiryen a Najeriya?

Doctor Who dai an nuna shi. BBC ta riƙa sayar da kwafinsa ga tashoshin ƙasashen waje, har da na Najeriya, sannan ta goge nata faya-fayan da yawa don ta sake amfani da su. A Oktoba 2013 aka sanar da cewa an gano kashi tara da suka ɓace a ma'ajiyar wata tashar talabijin a Jos, daga labarai biyu na zamanin da Patrick Troughton ke fitowa a matsayin jarumin shirin, "The Enemy of the World" da "The Web of Fear". An mayar da su Landan, aka gyara, aka sake fitar da su.